Motar da Injinta Ya Ƙi Hutawa

Motoci biyu ne a jere a wani filin dillalai a Kano, duka jif ƙirar Lexus na shekarar 2010, duka masu kujerun fata. Ɗaya RX 350 ce, mai shan fetur zalla. Ɗayar RX 450h, wadda ake kira haibirid, mai haɗa injin fetur da babban batir. A Amurka, inda aka fara sayar da su suna sababbi, ta biyun ta fi ta farkon tsada da dubban daloli. A wannan filin kuwa ita ce mai araha, ga shi tafiyar da ta yi ba ta kai ta 'yar'uwarta ba. Dillali ya ce dukansu saukowarsu ke nan daga Kwatano.

Kawuna ne mai saye. Shagonsa a Kantin Kwari yake, gidansa a Hotoro, kuma tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, kuɗin fetur ya zame masa abin lissafi a kowane mako. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Zuciyarsa tana wajen haibirid ɗin, amma arahar ce ta tsaya masa a rai. Ya ce ruwa ba ya tsami banza, ya sa aka kira wani matashin makanike da ya ƙware a lantarkin mota.

Zargin farko shi ne ambaliya ko haɗari, domin da yawa daga motocin da ake kawowa daga Amurka a gwanjon inshora ake sayo su. Makaniken ya jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa yana neman layin da ruwa kan bari. Ya leƙa ƙarafan ƙasan kujerun gaba ko da tsatsa, ya ɗaga kafet ɗin but ya shinshina. Sannan ya kwafi lambar jikin motar, mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ya nemo tarihinta a intanet. Babu ruwa, babu haɗari. Ya ɗauki hoton layin ƙarshe na rahoton a wayarsa, bai ce komai a kai ba.

Dillali ya samu bakin magana. "Alhaji, tsoro ne kawai. Mutane na jin an ce batir sai su gudu, shi ya sa muke karya kuɗin." Akwai gaskiya a maganarsa, kuma da a nan aka tsaya da kowa ya gamsu. Amma makaniken ya ce a ɗan taka ta.

Ita haibirid ba ta da kik irin wanda aka saba. Ka danna maɓalli, fitilar shirin tafiya ta kama, injin ya tashi na ɗan lokaci ya ɗumama, daga nan sai ya riƙa mutuwa da kansa duk sa'ad da aka tsaya ko ake jan jiki a cunkoso, batir ya karɓi aikin. Birkin ma yana mayar da ƙarfin tsayawa ya zama caji. Babban sirrin tsimin man ke nan. Muka bi titin Zoo da la'asar, rana tana dukan ƙasa, muka tsaya a danja uku. Injin bai yi shiru ko sau ɗaya ba. Allon gaban direba ya nuna mil 18 a galan, wato kusan lita 13 a kilomita 100, daidai da abin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta auna wa RX 350 a cikin gari. Motar da ya kamata ta sha kusan lita bakwai da rabi tana sha kamar ba ta da batir. Fitilar gargaɗi kuwa ko ɗaya ba ta kama ba.

"Esi ce, Alhaji. Zafin Kano ne," in ji dillali daga kujerar baya.

Makaniken ya girgiza kai. A wannan motar kwamfuresar esi da lantarki take aiki, ba bel ɗin inji ke juya ta ba. Takan ja caji, injin ya tashi ya mayar, sannan ya sake kwantawa. Ya kashe esin don a gani. Injin ya ci gaba da ruri.

Da muka koma fili ya jona na'urar bincike a ƙasan sitiyari. Ba ta nuna lambar matsala ko guda ba, kuma a nan ne ya fara murmushi. Kwamfutar mota tana ajiye lissafin tafiyar da aka yi tun ranar da aka goge mata lambobin matsala. Wannan lissafin bai kai kilomita 30 ba, har da zagayen da muka yi. Ke nan wani ya share allon kwanan nan, kuma ba a share abin da babu.

Kawu ya gyara babbar rigarsa zai tashi. Ya riga ya ji labarin P0A80, lambar da kan ce a sauya batirin haibirid ɗungurungum, kuma ya ɗauka ita aka ɓoye. "Shi ke nan, batir ya mutu. A kawo makullin waccan."

"Ranka ya daɗe, a ba ni minti goma."

Batirin RX 450h na wannan zamanin na nikel ne, ƙarfinsa bolt 288, ƙananan tubala 30 ne aka jera a ƙarƙashin kujerar baya. Kwamfutar tana auna su rukuni-rukuni. Idan batir ya mutu, ba duka yake mutuwa lokaci guda ba: rukuni ɗaya ne zai riƙa faɗuwa ƙasa da sauran da zarar an taka totur. Makaniken ya miƙa mini na'urar, ya ce in sa ido a kan jerin alƙaluman, ya ja motar da ƙarfi a kan miƙaƙƙen titi. Duka suka sauka tare, suka hau tare. Babu wanda ya ware. Batirin yana da rai.

Sai ya sa yatsa a kan wani layi can ƙasa, wanda ban kula da shi ba saboda ba a ce in duba shi ba. Zafin batirin ya haura digiri 50. Batirin nikel ba ya son zafi, kuma idan ya yi zafi haka kwamfutar takan taƙaita cajin da ke shiga da wanda ke fita don ta kare shi, ta bar wa injin fetur ɗawainiyar. An gano abin da ya hana injin hutawa. Saura abin da ya sa batirin yake dahuwa.

Da iskar cikin mota ake sanyaya shi. Akwai ƙananan tagogi masu raga a gindin kujerar baya, a bayansu kuma fankoki da ke zuƙar iskar suna hura ta a kan tubalan. Makaniken ya buɗe ƙofar baya ya durƙusa. An shimfiɗa sabuwar tabarmar roba mai kauri, irin wadda ake yankawa ta rufe ƙasan mota gaba ɗaya, kuma bakinta ya tashi ya manne a kan tagogin. Ya ɗage ta, ya kwance raga, ya haska fitilar waya. Fikafikan fankar sun cushe da ƙura har ba a ganin tsakaninsu. Ya lakato da yatsa ya murza a tafin hannunsa: jaja-jaja ce, mai laushi kamar hoda, ta dunƙule da maiƙo ta yi ɓawo.

"Motar da ta sauka daga jirgi kwanan nan, gashin kare da zaren kafet nake samu a nan," ya ce. "Wannan ƙurar hunturunmu ce, kuma ba ta shekara ɗaya ba ce." Ya fito da hoton da ya ɗauka tun da farko ya nuna wa Kawu. Layin ƙarshe na rahoton ya ce motar ta bar Amurka shekara uku da suka wuce.

Dillalin ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya faɗi abin da ya sani. Wani bawan Allah ne ya hau ta a nan Arewa. Da zafin bazara ya tsananta sai saƙon gargaɗi ya fito, aka kai ta garejin da ba a san kan irinta ba, aka ce masa batir ya tashi aiki. Ya tsorata ya sayar da ita a wulaƙance. Aka wanke ta, aka cire lamba, aka goge allo, aka sa tabarma don ta yi kyau a ido. Abin da ya fi ba ni takaici a labarin shi ne tsohon mai motar, wanda ya yi asarar kuɗi masu yawa a kan aikin da buroshi da iskar famfo za su gama kafin azahar.

Aka wanke fankokin, aka naɗe tabarmar. Washegari a daidai wannan lokaci muka sake bin titin. A danja ta farko injin ya mutu, motar ta tsaya tsit esi tana hurawa, shan manta ya sauko kusa da lita tara a kilomita 100.

Bai kai bakwai da rabi ba, kuma makaniken bai ɓoye dalili ba. Ya nuna yadda alamar caji take cika da wuri ta kuma zube da wuri, shaidar cewa batirin ya rage ɗauka. Shekarunsa sun ja, zafin da ya sha ya ƙara masa tsufa, garantin shekara takwas ko mil 100,000 da aka ba shi a Amurka kuwa ya daɗe da ƙarewa. Zai yi aiki, amma duk mai saye ya sa kuɗin wani batirin a lissafinsa tun yau.

A nan ne zaɓin ya koma kan hanyar da mutum yake bi. A ma'aunin Amurkan nan, a cikin gari tazarar motocin biyu ta haura lita biyar a kowace kilomita 100. A babbar hanya kuwa RX 350 tana shan kusan lita tara da rabi, haibirid takwas da rabi, tazarar lita ɗaya tak, saboda babu tsaye-tsayen da batir zai ci moriyarsu. Da Kawu mai zirga-zirgar Kano zuwa Abuja ne, ko da a garin da babu wanda ya san wayoyin lantarkin haibirid masu launin ruwan lemo yake zaune, da ni kaina na roƙe shi ya ɗauki RX 350. Injinta mai silinda shida shi ne a wasu Camry da Sienna da Highlander, kowane gareji ya san shi, kayan gyaransa suna ko'ina. Amma rayuwar Kawu tsakanin Hotoro da Kwari take, cikin cunkoson A Daidaita Sahu, safe da yamma.

Kawu ya zaunar da dillalin a kan benci. Ya ce farashin 'yar Kwatano aka faɗa masa, alhali motar an hau ta a gida, don haka a fara cire wannan. Sannan a cire kuɗin batir. An daɗe ana ja kafin a yi sallama.

Kafin a ba shi makulli makaniken ya ja shi gefe. Ya ce a kawo masa ita duk ƙarshen hunturu a wanke fankoki kafin zafin Afrilu, kada a ajiye kaya a gindin kujerar baya, kuma a riƙa yin fakin a inuwa. Ya ƙara da cewa idan esi ta rage sanyi kada a tsaya wa masu zuba gas na bakin titi, domin kwamfuresarta mai na musamman take sha, ND-11, wanda ba ya bari lantarki ya bi ta cikinsa; aka zuba na gama-gari sai motar ta ƙi tashi.

"Rubuta mini sunan man nan a takarda, ɗana," in ji Kawu. "Direbana zan ba."