Gishirin bareyi a Amurka: Garin neman ƙaho a rasa garke

A duk shekara, da zarar sanyi ya ja baya a Amurka, wato wajejen Maris da Afrilu, dubban mafarauta da masu gonaki kan ɗauki buhunan gishiri su nufi daji. Sukan share ɗan fili kusa da turbar da bareyi ke bi, su cuɗa garin gishirin da ƙasa, ko su ɗora dunƙulensa bisa kututture, sannan su ɗaura kyamara a jikin bishiya domin ta riƙa ɗaukar hoton duk dabbar da ta zo lasa. Kamfanonin da ke sayar da wannan haɗi suna cewa yana ɗauke da sinadaran gina ƙashi da bitamin iri-iri, kuma yana ƙara wa garke lafiya, uwa-uba ya sa mazan bareyi su fid da manyan ƙahoni.

Bahaushe ba zai ji wannan ya yi mamaki ba, domin ya saba ganin ana jiƙa wa shanu da dawaki kanwa, kuma ya san yadda makiyayan Nijar ke kora dabbobinsu zuwa Ingal a ƙarshen damina don su sami gishirin ƙasar. Sai dai saniya tana da mai ita, wanda ya san abin da ta ci da abin da ta rasa. Barewar daji kuwa ba a turke take ba. Abin tambaya a nan shi ne, wannan hidima don wa ake yin ta, kuma me take haifarwa?

Ya kamata mai karatu ya fara sanin cewa ƙahon barewar Amurka, mai farar wutsiya, ya sha bamban da na barewarmu ko na sa. Ƙashi ne zalla mai rassa, namiji ne ke da shi, kuma yakan zubar da shi duk shekara tsakanin Janairu da Maris, sannan ya tsiro da sabo. Cikin 'yan watanni ƙahon ke kammala girma, lulluɓe da wata fata mai laushi mai jijiyoyin jini, kafin ya ƙeƙashe wajejen Satumba. Ƙeƙasasshen ƙaho yana ɗauke da kusan kashi 22 cikin 100 na sinadarin kalsiyam da kashi 11 na fosfaras. Wannan ne ya sa ake ganin idan an ƙara wa dabbar waɗannan sinadarai, ƙahon zai ƙara girma. Girman ƙaho kuwa abin tinƙaho ne a wajen maharban ƙasar. Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887, har kundi take da shi na ƙahonin da suka yi zarra, ana auna su inci-inci.

To amma bincike bai gaskata 'yan kasuwa ba. Gaskiya ne cewa a shekarun 1950 masana a Jami'ar Jihar Fensilbaniya sun nuna cewa barewar da aka killace aka rage mata kalsiyam da fosfaras takan yi ƙaramin ƙaho. Amma wannan dabba ce da aka hana wa abinci da gangan. Da aka gwada gishirin lasa a kan bareyi a Jihar Luwiziyana, sakamakon da aka buga a 1992 bai nuna wani bambanci na a-zo-a-gani ba, a nauyin jiki ko a girman ƙaho. Dalili kuwa shi ne, namijin barewa yakan ari sinadarin daga ƙasusuwan jikinsa, musamman haƙarƙari, a lokacin da ƙahon ke girma, daga baya ya mayar da shi ta hanyar ganyen da yake ci. Batun bitamin ma haka yake. Dabba ce mai tuƙa, tumbinta ke haɗa mata bitamin B da K, rana ta ba ta D, ɗanyen ganye ya ba ta A.

Me ke kawo su wajen lasa ke nan? Gishiri ne kawai. Sabon tsiron da suke ci a farkon shekara yana da ruwa da sinadarin fotasiyam mai yawa, abin da ke sa jikinsu ya zubar da gishiri, sai su shiga nemansa ido rufe. Cincirindon da maharbi ke gani a hotunan kyamararsa shaida ce ta ƙishin gishiri, amma sai ya ɗauka magani ne ke aiki.

Abubuwa uku masana suka yarda suna gina ƙaho: shekaru, da abinci mai gina jiki, da gado. Namijin barewa ba ya kaiwa ganiyarsa sai ya shekara biyar zuwa shida, alhali da dama ana harbe su tun kafin nan. Bugu da ƙari, wani dogon bincike na Jami'ar Jihar Misisifi ya tattaro bareyi daga yankuna uku masu bambancin albarkar ƙasa, aka ciyar da su abinci iri ɗaya mai kyau. 'Ya'yan farko sun ci gaba da nuna ragin yankin da iyayensu suka fito, sai a kan jikoki bambancin ya ragu ƙwarai. Wato ƙoshin uwa shi ne tushen ƙahon ɗa. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Da a ce asarar kuɗi ce kaɗai, da sai a ce mai kuɗi ya ji da aljihunsa. Amma akwai abin da ya fi haka muni, wato cutar ramewar bareyi da ake kira CWD a taƙaice. An fara ganin ta a 1967 a wata cibiyar bincike a Jihar Kolorado, yanzu kuwa an same ta a jihohi fiye da 30. 'Yar'uwar cutar haukan shanu ce da ta addabi Ingila. Wani gurɓataccen furotin ne ke cinye ƙwaƙwalwar dabba, ta rame, ta yi ta dalalar da miyau, har ta mutu. Ba ta da magani, ba ta da allurar rigakafi. Tana yaɗuwa ta miyau da fitsari da kashi, kuma takan yi shekaru a cikin ƙasa ba ta mutu ba. Wurin lasa kuwa akushi ɗaya ne da kowace barewa ke sa baki a ciki. A 2018 masana daga Jami'ar Wiskonsin suka auna wuraren lasa 11 a yankin da cutar ta yi ƙamari, suka sami wannan furotin a guda 9. Ba a tabbatar da cewa ta taɓa kama ɗan'adam ba, amma hukumomin lafiya na ƙasar suna gargaɗin kada a ci naman dabbar da ta kamu.

Hukumomi sun fara farga. Jihar Mishigan ta hana ajiye wa bareyi abinci a ɓangarenta na kudu daga 2019, wasu jihohin kuma sun haramta zuba gishiri a yankunan da cutar ta ɓulla. A ƙasar Norwe, inda ta bayyana a 2016, sai da gwamnati ta sa aka harbe garke guda na bareyin ƙanƙara, kimanin 2,000, aka kuma killace wuraren lasar gishirin tumaki don kada namun daji su kai gare su.

Abin lura shi ne, a farkon ƙarni na 20 bareyin nan sun ragu zuwa kimanin dubu 500, yau ana ƙiyasta su kusan miliyan 30. Abin da ya dawo da su shi ne dokar ƙayyade farauta, da kare dazuzzuka, da harajin bindigogi da harsasai da aka ware wa kula da namun daji tun 1937. Duk mai son ganin babban ƙaho, hanyarsa ita ce ya gyara dajin da dabbar ke kiwo, ya daidaita yawan garke da abincin da ke ƙasa, ya kuma ɗaga wa ƙananan maza ƙafa har su manyanta. Aiki ne na shekaru, shi ya sa buhun gishiri ya fi shi kasuwa. Amma wanda ya tara namun daji wuri guda don biyan buƙatar kyamararsa, ya sani cewa garin neman gira akan rasa ido.