Me Ya Sa Gwanin Keke Ke Kashe Ƙarfinsa a Kan Tudu?

A tseren keke akwai wani salo da ake sakin mahaya ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi tafiyarsa shi kaɗai, agogo ne alƙali. Mu kira shi tseren agogo. A nan daƙiƙa ɗaya ma tana da daraja. A gasar Tour de France ta 1989, Greg LeMond na Amurka ya shiga tseren agogo na ranar ƙarshe yana bayan Laurent Fignon na Faransa da daƙiƙa 50, ya kuma lashe gasar da tazarar daƙiƙa 8 kacal. To, tambayar da masu irin wannan tsere ke yi ta shafi duk mai taka keke tsakanin Isa da Sabon Birni: a ina ya kamata ka zuba ƙarfinka?

Bari mu yi lissafi. A ce za ka hau tudu mai tsawon kilomita 1, ka gangaro kilomita 1. Kana hawa da gudun kilomita 10 a awa, wato minti 6. Kana gangarowa da 30, wato minti 2. Yanzu ƙara kilomita 2 a gudun hawan: minti 5 ke nan, ka ci ribar minti guda cur. Amma in a gangara ka ƙara kilomita 2 ɗin, ribarka ba ta kai daƙiƙa 8 ba. Ka gani? Inda kake tafiya a hankali, nan lokaci ke zurarewa.

Dalili na biyu iska ce. Idan ka ninka gudunka a shimfiɗaɗɗiyar hanya, turjiyar iska na ninkuwa sau 4, ƙarfin da za ka kashe don keta ta kuma sau 8. A tudu mai tsauri kuwa, babban abokin kokawarka nauyi ne, naka da na keke da na kayan da ke kariya. Shi nauyi ba ya ha'inci: ka ninka ƙarfi, gudu ya kusan ninkuwa. Wato gumin da ka zuba a hawa yana biyanka, na gangara kuwa iska ce ke cinye mafi yawansa.

Za ka ce ai ƙasar Gobir ba ta da manyan duwatsu. Gaskiya ne. Amma akwai hawan da ake yi in an fito daga fadamar Rima, akwai rairayin da ke riƙe taya, ga iskar hunturu da ke tahowa daga arewa maso gabas ta tare ka gaba da gaba. Duk ukun suna rage maka gudu, don haka dokar ɗaya ce: ƙara ƙarfi a nan, ka sarara inda hanya ta yi daɗi.

Sai dai a kula, ƙarin kaɗan ake nufi. Wanda ya afka wa tudu da dukkan ƙarfinsa tun daga gindinsa, cinyoyinsa za su mutu kafin ya kai rabi. Ma'auni mai sauƙi: in ba ka iya furta 'yan kalmomi saboda haki, ka wuce gona da iri.

In kekenka mai giya ne, sauya zuwa mai laushi kafin feda ta yi nauyi. In irin Phoenix ne marar giya, ɗauki gudu tun kafin ka iso gindin tudun. Zama a kan sirdi ya fi tattalin numfashi a doguwar hawa. Miƙewa tsaye na ba ka damar danna feda da nauyin jikinka, amma na ɗan lokaci ne, kuma a kan rairayi yana rage nauyin da ke kan tayar baya har ta riƙa sulɓewa. In ka kai ƙoli kada ka saki feda nan take. Ci gaba da takawa har keken ya ɗauki gudu.

Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, mutane da dama sun sake kakkaɓe kekunansu. Ga ɗalibi, ko manomin da ya ɗauro buhun gero yake son isa gida kafin magariba, wannan lissafin na iya rage masa lokaci da gajiya. Kuma a zafin bazara, da ma'aunin zafi kan haura digiri 40, kada ka fita ba ruwan sha, domin hawa ne ya fi dafa jiki: ga aiki mai yawa, ga ƙarancin iskar da za ta busar da gumi.