Farashi Ɗaya Ga Babba Da Ƙarami: Dabarar Faransa Kan Cinikin Littattafai

Duk wanda ya shiga kantin littattafai a ƙasar Faransa, ko a tsakiyar birnin Faris ko a wani ɗan gari na karkara, ya ɗauki sabon littafi ya juya bayansa, zai tarar an buga kuɗinsa a jikin bango tun daga maɗaba'a, kuma abin da zai biya ke nan, babu tayi balle a ce albarka. Ko a hannun dattijo mai ɗan kanti ya saya, ko a wurin attajiran da ke ciniki ta intanet, iyakar rangwamen da doka ta halatta shi ne kashi 5 cikin 100.

Asalin wannan al'amari ya girmi intanet. A shekarar 1974 kamfanin FNAC ya buɗe wani makeken kanti a Faris, yana zabtare kashi 20 cikin 100 na kuɗin littattafai, sai hankalin ƙananan masu kanti ya tashi, wani mai buga littattafai da ake kira Jérôme Lindon ya shige gaba wajen kai kuka, har aka kafa doka ranar 10 ga Agusta, 1981, a zamanin da Jack Lang ke ministan al'adu, wadda ta ce mai buga littafi shi ke yanka masa kuɗi, kowa kuma ya sayar a haka.

Hujjarsu tana buƙatar a natsu kafin a gane ta. Mai ƙaramin kanti, littattafan da ke tashe, waɗanda ake rububinsu, su ne ke biya masa haya da ladan yara, kuma da ribarsu yake iya ajiye diwanin waƙoƙi, ko littafin tarihi, ko aikin sabon marubucin da ba wanda ya san shi, wanda zai yi wata shida a kan kanta kafin Allah ya kawo mai sonsa. To, idan wani mai ƙarfin jari ya zo ya karyar da farashin littattafan nan masu tafiya, ba don komai ba sai don ya jawo mutane su sayi sauran hajarsa, ya yanke wa ƙarami jijiya ke nan. Kuma ranar da ƙarami ya rufe, littafin nan mai jinkirin fita ya rasa masauki, mai maɗaba'a kuwa gobe ba zai yi kasadar buga irinsa ba. Ingila ta bi ɗaya hanyar: yarjejeniyar farashi da ta yi aiki da ita tun 1900 ta rushe a 1995, manyan kantunan cefane suka shiga sayar da littafi a rabin kuɗi, ƙananan kantuna masu yawa suka tafi.

Da kamfanin Amazon ya zo Faransa, wanda shi ma da littafi ya fara ciniki a Amurka a 1995, ya tarar da ƙofar farashi a kulle, sai ya zaga ta taga: ya ba da rangwamen nan na kashi 5, ya kuma kai wa mutum littafi har gida kyauta, abin da mai ɗan kanti ba zai iya ba, don shi sai ya biya gidan waya. A 2014 majalisa ta hana kai littafi kyauta, kamfanin ya ce ya ji ya bi, ya sa kuɗin aike santim ɗaya, wato kashi ɗaya cikin ɗari na yuro. Wannan ita ce hila tsantsarta, a kiyaye lafazin hukunci a tozarta maƙasudinsa. Sai da aka sake wata doka a ƙarshen 2021, wadda daga Oktoban 2023 ta wajabta aƙalla yuro 3 a matsayin kuɗin aike ga duk cinikin sababbin littattafai da bai kai yuro 35 ba.

Almajirin fiƙihu ba zai ji wannan magana baƙuwa ba, domin a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito cewa Sayyidina Umar ya iske Haɗibu ɗan Abu Balta'a yana sayar da zabibi a ƙasa da farashin kasuwa, ya umarce shi da ya daidaita ko ya tashi. Malamai sun yi saɓani a kan hukumar da ke yanka farashi, kuma masu inkarin dokar Faransa su ma suna da abin faɗa, tun da talaka mai son karatu an hana shi arahar da zai samu. Amma a ganina arahar da ƙarshenta shi ne kasuwa ta koma hannun mutum ɗaya, romon baka ce, kuma maslahar jama'a ta rinjaye ta.

Doka dai ba ta sayar wa kowa littafi. Abin da ta yi shi ne ta ɗauke gasa daga kan kuɗi ta mayar da ita kan hidima da sani, inda ƙarami ke da abin nunawa: ya karanta hajarsa, ya rubuta 'yar takarda da hannunsa ya maƙala a bangon littafin da ya burge shi, ya gayyato marubuci ya zauna da jama'a, wanda babu kuma ya yi maka odarsa. A Amurka, inda babu irin wannan doka, sai aka kafa Bookshop.org a 2020, kasuwar intanet da ke raba riba da ƙananan kantuna, wanda taimako ne, amma bai hana babba karya farashi ba. Faransa kuwa har yau tana da kantunan littattafai masu zaman kansu sama da 3,000.