Ƙa'idojin Kafa Madogara da Ƙulla Mahaɗa ga Sabon Edita a Wikipedia ta Hausa

1.0 Gabatarwa

A ranar 15 ga watan Janairu, 2001, Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe kundin ilmi na intanet mai suna Wikipedia. Tun daga shekarar 2003 Gidauniyar Wikimedia ce ke riƙe da shi, kuma yana da rassa a cikin harsuna fiye da 300, ciki har da Hausa da Yarabanci da Ibo da Fulatanci. Abin da ya bambanta shi da kundaye irin su Britannica shi ne, kowane mai sha'awa yana iya yin rubutu a cikinsa ba tare da an nemi shaidar karatunsa ba. Wannan sauƙi ne ya sa aka gindaya sharuɗɗa masu tsauri a kan abin da za a rubuta, domin in ba a tantance marubuci ba, tilas a tantance rubutunsa.

Sau da yawa sabon edita yakan kwana yana rubutu a kan garinsu ko wani mawaƙi, gari ya waye ya tarar an lafta wa aikin alamar gargaɗi, ko ma an goge shi. Galibi dalilan biyu ne: rashin ingantacciyar madogara, da rashin ƙulla shafin da sauran shafuka. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace waɗannan ƙa'idoji biyu, tare da nuna matsalolin da suka keɓanta ga mai rubutu da Hausa.

2.0 Ginshiƙan da Aka Gina Ƙa'idojin a Kansu

Kowane reshe na Wikipedia yana da 'yancin tsara ƙananan dokokinsa, amma akwai ginshiƙai uku da aka sani ko'ina. Na farko shi ne rashin ɗaukar ɓangare, wato a kawo ra'ayoyin masana gwargwadon nauyinsu. Na biyu shi ne yiwuwar tabbatarwa, wato mai karatu ya iya bin sawun kowane bayani har zuwa inda aka ciro shi. Na uku shi ne hana shigar da binciken kai, ma'ana edita ba shi da izinin kawo sakamakon nazarinsa ko fahimtarsa matuƙar ba a riga an wallafa su a wani wuri ba.

Ginshiƙi na uku ne ya fi yi wa malaman jami'a nauyi. Malamin da ya yi shekara ashirin yana nazarin karin harshen Sakkwatanci ya san abubuwa da yawa waɗanda gaskiya ne, amma idan ba su fito a littafi ko mujalla ba, ba su da gurbi a cikin kundin. Aikin edita a nan ya yi kama da na mai ruwaya: darajar maganarsa tana rataye ne a kan sarƙar da ya bi ya samo ta. Wanda ya saba da tsarin isnadi a karatun zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba.

3.0 Madogara

3.1 Ire-iren Madogara

An kasa madogara gida uku. Akwai ta tushe, wadda ta fito kai tsaye daga zamanin abin ko daga mai abin, kamar wasiƙa, ko faifan waƙa, ko takardun da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna. Akwai ta biyu, wato sharhin da wani masani ya yi a kan ta tushe, kamar littafin Graham Furniss na 1996 a kan waƙa da zube da al'adun Hausa. Akwai kuma ta uku, wadda ke taƙaita na biyun, kamar ƙamus da kundin ilmi. Ƙa'ida ta tanadi a gina shafi a kan madogara ta biyu, a yi amfani da ta tushe da takatsantsan.

Alal misali, littafin Tarihin Kano wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908 madogara ce ta tushe. Idan edita ya rubuta kai tsaye cewa Bagauda ya hau mulki a shekarar 999, ya wuce gona da iri, domin wannan shekara lissafi ne da Palmer ya yi daga tsawon mulkin sarakuna. Abin da ya dace shi ne ya jingina maganar ga mai ita, ya ce bisa lissafin Palmer haka abin yake, sa'an nan ya kawo abin da masana tarihi na baya suka faɗa a kai.

3.2 Sharuɗɗan Inganci

Kafin a karɓi madogara, ana duba abubuwa uku. Da farko, ko an wallafa ta yadda wani zai iya samunta. Na biyu, ko ta bi ta hannun masu tacewa, kamar editan jarida ko kwamitin mujalla. Na uku, ko tana da 'yanci daga wanda ake magana a kansa. Bisa wannan ma'auni, mujallar Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, da littattafan kamfanin NNPC na Zariya, da tsofaffin kofe na Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda aka fara bugawa a Janairun 1939, da rahotannin Sashen Hausa na BBC da jaridar Aminiya, duk suna iya tsayawa. Saƙon WhatsApp da rubutun Facebook kuwa ba su cika sharaɗi na biyu ba. Ƙasidar da aka raba a wurin bikin naɗin sarauta, wadda iyalan basaraken suka buga, ta gaza a sharaɗi na uku.

Akwai rashin fahimta guda biyu da ya kamata a kawar. Wasu suna zaton dole madogara ta kasance a intanet, wasu kuma suna zaton dole ta kasance da Turanci. Duka biyun kuskure ne. Ƙamus na G. P. Bargery na 1934 da ke kan kanta a laburare madogara ce cikakkiya, haka ma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Ko a reshen Turanci an yarda a kafa hujja da littafin da aka rubuta da wani harshe.

Wani abin lura shi ne, ba a kafa hujja da Wikipedia a cikin Wikipedia. Hatsarin da ake gudu shi ne zagayen ƙarya: wani ya rubuta kuskure a kundin, ɗan jarida ya kwafa ya buga, daga baya a ɗauko jaridar a kafa hujja da ita. A haka sai maras tushe ya yi saiwa.

3.3 Cancanta da Tarihin Rayayyu

Ba kowane abu na gaskiya ne ya cancanci shafi nasa ba. Sharaɗin shi ne a sami madogara masu zaman kansu da suka yi bayani mai zurfi a kansa, fiye da ambaton suna a cikin jeri. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya cika wannan sharaɗi, domin an yi littafi sukutum a kan rayuwarsa, wato Shata Ikon Allah na 2006, ban da ɗimbin maƙalu. Makaɗin ƙauyen da ba a taɓa rubutu a kansa ba kuwa, kome gwanintarsa, shafinsa yana cikin haɗarin gogewa.

Game da mutanen da ke raye, dokar ta fi tsanani. A shekarar 2005 wani ya rubuta ƙarya a shafin ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler, ya alaƙanta shi da kisan John da Robert Kennedy, kuma ƙaryar ta yi kusan wata huɗu ba a gano ba. Wannan ya sa aka ƙarfafa doka cewa duk wata magana mai iya ɓata sunan rayayye, in ba ta da ingantacciyar madogara, a cire ta nan take ba tare da jiran muhawara ba.

3.4 Yadda Ake Rubuta Madogara

Ana saka madogara a ƙarshen jimlar da take tallafa wa, sai ta fito da 'yar lamba wadda ke kai mai karatu ƙasan shafi. Idan littafi ne, a ba da sunan marubuci da na littafi da maɗaba'a da gari da shekara da lambar shafi. Lambar shafi ita ce aka fi mantawa, alhali littafin nahawun Hausa na Paul Newman na 2000 ya haura shafi 700, kuma ambatonsa ba lamba tamkar a ce wa baƙo ya nemi wani Malam Musa ne a kasuwar Kurmi. Idan shafin intanet ne, a ƙara da adireshinsa da ranar da aka duba shi. Da yake shafukan jaridu sukan ɓace, yana da kyau a adana kofe a Wayback Machine, wadda Internet Archive ta buɗe wa jama'a a 2001.

4.0 Mahaɗa

4.1 Mahaɗar Cikin Gida

Mahaɗa ita ce kalmar da ake latsawa ta kai mai karatu wani shafi. Ana yin ta da saka kalma cikin baka biyu masu kusurwa, kamar [[Zariya]]. Idan shafin yana nan, sai kalmar ta fito shuɗiya. Idan babu shi, sai ta fito ja. Jar mahaɗa ba laifi ba ce muddin abin ya cancanci shafi, hasali ma gayyata ce ga wani ya zo ya rubuta.

Kura-kurai uku ne suka fi yawa. Na ɗaya shi ne shafi maraya, wanda babu wani shafi da ke nuni zuwa gare shi. Wanda ya rubuta shafi a kan Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, wajibi ne ya koma shafukan Rupert East da Abubakar Imam da na gasar rubutu ta 1933 ya ƙulla su da shi. Na biyu shi ne shafi mai toshewa, wanda ba ya kai mai karatu ko'ina. Na uku shi ne cika mahaɗa, inda ake ƙulla kalmomi irin su mutum da ruwa da gida, ko a maimaita mahaɗa ɗaya a kowace jimla. Ma'aunin shi ne a ƙulla kalmar da mai karatu zai buƙaci ƙarin bayaninta, a wurin da ta fara fitowa.

4.2 Matsalar Haruffa Masu Lanƙwasa da Sunaye Masu Kama

Kwamfuta tana ɗaukar k da ƙ a matsayin haruffa biyu daban, haka d da ɗ, da b da ɓ. Saboda haka mahaɗar da aka rubuta "Kasar Hausa" ba za ta kai ga shafin "Ƙasar Hausa" ba, sai in an yi shafin juyawa da zai tura mai nema daga wannan zuwa wancan. Rashin kula da haka yakan haifar da shafuka biyu a kan abu ɗaya. Bugu da ƙari, Nijeriya tana rubuta 'y, Nijar kuwa tana rubuta ƴ, duk da yunƙurin daidaita ƙa'idojin rubutu da aka yi a Yamai a 1980. Hanya mafi sauƙi ita ce edita ya bincika kowane salon rubutu kafin ya buɗe sabon shafi.

Sunaye masu kama su ma suna da nasu ruɗani. Akwai Gaya a Jihar Kano, akwai Gaya a Jihar Doso ta Nijar. Kaduna sunan gari ne da jiha da kogi. Dutse babban birnin Jigawa ne, kuma kalma ce ta yau da kullum. A irin wannan hali ana yin shafin rarrabewa, kuma edita ya tabbatar mahaɗarsa ta sauka a inda ya nufa. Haka nan, littafin da aka buga kafin 1987 zai saka Daura a Jihar Kaduna, wanda aka buga kafin 1991 zai saka Haɗeja a Jihar Kano, don haka sai an auna shekarar madogara kafin a ƙulla.

4.3 Mahaɗar Harsuna da ta Waje

Tun daga 2013 ana ƙulla shafukan harsuna daban-daban ta hanyar Wikidata, rumbun bayanan da aka buɗe a 2012. Shafin Hausa da ba a ƙulla shi a can ba, mai karanta reshen Faransanci ko na Larabci ba zai san da zamansa ba. Mahaɗar waje kuwa, wato mai fita zuwa wani gidan intanet, ba a cusa ta a tsakiyar bayani, kuma ba a yarda a yi talla da ita ba.

5.0 Ƙalubalen Adabin Baka da na Fassara

Babban abin da ke ci wa masu rubutu da harsunan Nijeriya tuwo a ƙwarya shi ne, kaso mai yawa na ilmin al'ummominsu a ka yake. Kirarin sarauta da tarihin zuriya da ilmin sana'o'i kamar jima da ƙira suna bakin dattawa. A 2011 an gwada kafa hujja da hirarrakin baka a wasu rassan Indiya da Afirka ta Kudu, ƙarƙashin jagorancin Achal Prabhala, amma tsarin bai zama doka a manyan rassa ba. A nan ne nauyi ya faɗo wa masana harshe: hirar da aka yi da dattijo, da zarar an tace ta an buga a mujalla, ta zama madogarar da edita zai iya dogaro da ita. Kundayen digiri da ke jibge a sassan harsuna suna buƙatar a fito da su fili ta wannan hanya.

Ƙalubale na biyu shi ne fassarar na'ura. A 2015 aka samar da manhajar fassara a Wikipedia, wadda ke ɗauko shafi da madogararsa daga wani harshe. Amfaninta a bayyane yake, sai dai editan da bai tace ba yakan saki Hausar da ba Bahaushen da zai gane ta, da madogarar da bai taɓa gani ba. A 2020 an gano cewa wani matashi Ba'amurke wanda bai iya harshen Sikots ba shi ne ya rubuta dubban shafuka a reshen wannan harshe. Illar ta wuce mai karatu, domin na'urorin fassara da na ƙirƙirarriyar basira suna koyon harshe ne daga irin waɗannan shafuka, kuma abin da aka shuka shi ke tsirowa.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa madogara ita ce ke ba shafi damar zama, mahaɗa kuma ita ce ke kawo masa masu karatu. Sabon edita zai rage wa kansa wahala idan ya tara madogara biyu ko uku masu zaman kansu kafin ya fara rubutu, ya gwada aikinsa a shafin gwaji, ya jingina kowace magana ga mai ita, ya kuma kai duk wani saɓani shafin tattaunawa maimakon ja-in-ja a kan gyara. Su kuwa sassan harsunan Nijeriya a jami'o'i, nasu aikin shi ne wallafa abin da suka tattara da kuma sauƙaƙa hanyar samunsa, domin edita ba zai iya kafa hujja da abin da ke kulle a cikin kabad ba.