Tanon banda: yadda ake haɗa shi da kuɗi kaɗan

Duk mai sana'ar ɗanyen kaya ya san fargabar la'asar. Mai kifin da ta yi sari tun asuba, ko mahaucin da ya yanka awaki biyu amma ciniki bai tafi ba, da rana ta karkata sai lissafi ya canza: ko dai a karya farashi a rabu da kaya, ko a kwana da su gobe a tarar sun juya. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Damagaram, nama ba ya jiran kowa. Firigo kuwa ba kowa ke da shi ba, kuma mai shi ɗin ma bai manta da watan Agustan 2023 ba, sa'ad da Najeriya ta katse wutar lantarkin da take turo mana, ba a maido ta ba sai cikin 2024.

Shi ya sa yau muka ga ya dace mu yi magana a kan tanon banda, wato murhun da ake haɗawa da tanon ƙarfe mai cin lita 200, domin gasa nama ko kifi a hankali da hayaƙi. Ba ya buƙatar lantarki, kuma kusan duk kayan haɗa shi ana samun su a cikin gari, daga Kasuwar Dole zuwa rumfunan masu walda.

Dabarar kanta ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Ku tuna ranar Sallar layya, yadda ake feɗe raguna a baje su a kan itatuwa, a jera su kewaye da wuta, su wuni suna gasuwa ba tare da harshen wuta ya taɓa su ba. Haka ma mai tsire yake kafa tsinkensa a gefen tukuba, ba a tsakiyar garwashi ba. Abin da tano ya ƙara shi ne rufi. Idan zafi da hayaƙi suna tsare a wuri guda, itace kaɗan ya isa, iska ba ta kwashe zafin, ƙura da ƙudaje kuma ba sa sauka a kan kaya.

Wurin zaɓen tano ne aka fi yin kuskure, don haka a nan za mu ɗan daɗe. Tambayar farko da za ku yi wa mai sayarwa ita ce: me aka taɓa zubawa a ciki? Wanda ya fi shi ne tanon da aka kawo man girki ko wani kayan abinci a cikinsa. Tanon maganin ƙwari, irin na feshin gona ko na fara, ko kyauta aka ba ku kada ku karɓa, domin wanki ba ya tabbatar da cewa gubar ta fita, kuma a cikin abinci za ta ƙare. Tanon fetur da na gazwal su ne suka fi yawa, su ne kuma suka fi haɗari a hannun mai walda. Tano yana iya zama babu ko ɗigo a ciki, amma tururin man yana nan. Da tartsatsin injin yanka ya taɓa shi sai ya fashe kamar bam. An sha rasa rayuka ta haka a ƙasashe da dama. In har babu wani sai shi, a buɗe marfinsa, a wanke da omo sau da yawa, a cika shi fal da ruwa kafin a sa masa ƙarfe. Mai waldan da ya ce ba sai an yi haka ba, ku ɗauki kayanku ku nemi wani.

Bayan an yanke saman tanon, wanda shi ne zai zama murfi, sai a cika cikinsa da itace a hura wuta mai ƙarfi a fili, nesa da mutane, har fentin ciki da na waje su ƙone ƙurmus. In ya huce a goge shi da soson ƙarfe, a wanke, a shafe cikin da man gyaɗa.

Sauran aikin ba shi da wuya. Tsayin tano bai kai mita ɗaya ba, kamar santimita 88 ne, faɗinsa kuma kusan 58. A tsaye za a bar shi. Daga ƙasa a yanka 'yar ƙofa mai faɗin taƙi guda, wadda ta nan za a riƙa sa gawayi da kwashe toka, a yi mata marfi mai buɗewa da rufewa. Daga sama, a huda jikin tanon a zura rodi biyu ko uku su ratsa, a ɗora raga a kai. Ragar farko ta yi nesa da garwashi da kamar santimita 50, wato kamu ɗaya da ɗan ƙari. Ta biyu kuma taƙi guda a samanta. A murfin a huda ramuka uku ko huɗu da hayaƙi zai fita, a sa masa maɗauki na itace don kada ya ƙone hannu. Raga kuwa ta baƙin ƙarfe ake so. Ƙarfe mai farin shafi mai ƙyalli, irin na kwanon rufi da wayar shinge, in ya sha wuta yana fitar da hayaƙin da ke sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, bai kamata ya kusanci abinci ba.

Akwai abu guda da masu haɗawa kan tsallake don rage kuɗi, alhali a ganinmu shi ne ya bambanta tanon banda da tanon ƙona nama. A tsakanin wuta da ragar farko ana sa faranti na ƙarfe, wanda bai cika faɗin tanon ba, yadda hayaƙi zai bi ta gefe ya hau. Aikinsa tare kitsen da ke ɗiga. Kitse in ya faɗa kan garwashi sai wuta ta tashi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, ya manne a jikin nama. A cikin wannan baƙin hayaƙin akwai wani sinadari da ake kira benzopirin, wanda masana kiwon lafiya suka tabbatar yana cikin masu jawo ciwon daji. Tarayyar Turai ta ɗauki abin da muhimmanci har ta ƙayyade, tun daga 2014, cewa kada ya wuce mikrogram 2 a kowane kilo na nama ko kifi mai hayaƙi. Wata za ta ce, ni da ke sayarwa a Zango ko a Birni, ina ruwana da dokar Turai? Ruwanki shi ne 'ya'yanki ma daga cikin kayan suke ci, kuma ke ce kike wuni a tsaye a kan hayaƙin, idanunki da ƙirjinki ke ɗauka.

Wannan matsala ce ta sa Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tare da wata cibiyar horar da masu sana'ar kifi a Senegal, suka fito da murhun FTT a 2008, mai farantin tare kitse da wurin garwashi na daban. Kafin nan, tun 1969, an yi murhun Chorkor a Ghana, wanda aka sa wa sunan unguwar masunta da ke Akara. Shi da laka ake gina shi, a jera tire-tire na katako da raga a kansa, wani bisa wani, kuma ya yaɗu a Afirka ta Yamma saboda rage cin itace. Daga nan za mu iya aron dabara kyauta: a shafe jikin tanon ta waje da laka mai kauri, kamar yadda ake yaɓen rumbu. Laka tana riƙe zafi, gawayi ya daɗe bai cinye ba, yaro kuma in ya taɓa ba zai ƙone kamar a kan tsuran ƙarfe ba.

Maganar wuta, gawayi ne ke ba da zafi, itace kuma ƙamshi. Guntu ɗaya ko biyu na busasshen iccen mangwaro ko gwaiba a kan garwashi ya wadatar. Hayaƙin kirki siriri ne, da ƙyar ake ganinsa. In ya yi kauri ya yi fari fat ko baƙi, wuta ce ba ta samun iska, sai a ɗan buɗe ƙofar ƙasa. In zafi ya yi yawa a rufe ta. Da wannan ƙofar ake tuƙa tano. Katako mai fenti, leda, roba, tayar mota da iccen tunfafiya duk ba su da gurbi a nan. Gawo kuwa a bar shi a gona. Manoman Matamai da Magarya da Miriya sun sha wahala kafin su maido da shi a gonakinsu, kuma dokar gandun daji ta 2004 tana hukunta sare itatuwan da aka kare ba da izini ba.

Ga mai kifi, ko daga tabkin Gidimuni ya zo ko daga Lasuri, a fasa shi a wanke da wuri, a jiƙa cikin ruwan gishiri, kamar giram 100 a lita guda, na rabin awa, sannan a shanya a inuwa a ƙarƙashin gidan sauro har jikinsa ya tsane. A fara da wuta kaɗan, daga baya a ƙara. In aka fara da zafi mai yawa sai bayan ya bushe, ciki kuwa da ruwa, nan da kwana kaɗan ya ruɓe. Sannan ku san banda iri biyu ce. Ta awa biyu zuwa uku dafaffiya ce mai laushi, ta fi daɗi, amma ba ta wuce kwana ɗaya zuwa uku. Wadda ake so ta yi watanni sai ta sha awa 10 zuwa 18 a wuta mai sanyi, ana juyawa ana canza wa raga wuri, har ta bushe ƙarau. Kuma kada a manta, hayaƙi yana ɓoye wari amma ba ya gyara abin da ya riga ya lalace. Kayan da suka fara juyawa ba na banda ba ne. Haka nan fesa piya-piya a kan busasshen kifi don korar ƙwari, kamar yadda wasu ke yi, guba ce ake ba mai saye. In ƙwari sun fara shiga, a mayar da kifin tano ya sake shan zafi.

Sai lissafi, tunda kasuwa ce ta haɗa mu. Kilo uku na ɗanyen kifi ba ya ba da fiye da kamar kilo ɗaya in ya bushe sosai, domin ruwa ne ya tafi. A ce kin yi sarin jika tara. Kuɗin gawayi da gishiri da wunin da kika yi a gaban wuta duk sai sun hau kan wannan kason da ya rage kafin a fara maganar riba. Wadda ta sa farashi da ido, ba ta auna kafin da bayan ba, za ta ga kaya na ƙarewa amma jari na raguwa. Kuɗin haɗa tanon kansa kashi uku ne kawai: tano, rodi da raga, sai ladan mai walda. Mata biyu ko uku da ke adashi tare suna iya haɗa hannu su yi guda ɗaya, su raba kwanaki. Gwajin farko kuma a yi shi da kilo biyu ko kaza ɗaya, a ci a gida, kafin a zuba jari a ciki.

Wurin ajiye shi ma abin dubawa ne. A fili ake kafa shi, a kan bulo uku, nesa da zana da rumfar kara, musamman da hunturu lokacin da iska ke ɗaukar tartsatsi. Kada a shigar da shi ɗaki ko shago don gudun ruwa ko ɓarawo alhali da garwashi a ciki, iskar gawayi ba ta da wari amma tana kashe mai barci. Bayan kowane aiki a kwashe toka, domin toka in ta haɗu da ruwa ita ke cinye gindin tano. Da damina a kife masa tsohon kwano ko a jawo shi ƙarƙashin rumfa bayan ya huce. In gindin ya huje daga baya, ba sai an sayi sabo ba, mai walda zai iya liƙa masa faranti.