KUƊIN KUJERA DABAM, GUZURI DABAM

Kowace shekara dubban ƴan Nijar suna biyan kujerar Makka. Da yawa daga cikinsu suna zaton da sun biya, magana ta ƙare. Alhali kuwa kujera, galibi, jirgi ce da masauki da motocin da ke kai alhazai Madina, Mina da Arfa. Sauran ɗawainiya tana wuyan maniyyaci.

Kashe kuɗi yana somawa tun daga gida. Akwai paspor, akwai allurar shawara da ta sanƙarau. Mutumin Damagaram da zai tashi daga Yamai yana da tafiyar kilomita wajen 900, kuma in jirgi ya yi jinkiri, ci da makwanci daga aljihunsa za su fito.

A ƙasa mai tsarki babban abu shi ne hadaya. Ta wajaba ga mai tamattu'i da mai ƙirani. Wanda bai samu halinta ba zai yi azumin kwana 10, uku a can, bakwai bayan ya komo. Saboda haka ya kamata maniyyaci ya tambayi kamfaninsa, tun kafin ya sa hannu a takarda, ko hadaya da abinci suna cikin kujera. Bayan wannan ga aski, ga waya, ga ladan mai tura keken tsoho wajen ɗawafi, ga kuɗin awon kayan da suka zarce kilo.

Sai kuma canji. Tun 1986 riyal yana ɗaure da dalar Amurka, sefa kuwa da yuro tun 1999. In dalar Amurka ta hau, jikar alhaji sai ta rage auki a kasuwar Makka. Dattawa ba su manta da 1994 ba, shekarar da sefa ta zubar da rabin darajarta dare ɗaya.

Mai hankali yakan kasa guzurinsa kashi huɗu: na ibada, na ci da zirga-zirga, na ko-ta-kwana saboda ciwo ko jinkirin jirgi, sannan na tsaraba. Tsaraba ita ce ta ƙarshe, domin ita ke cinye guzurin mutane tun a Madina, ranar hadaya ta iske su hannu wofi.

Malamai sun ce hajji yana kan mai iko. Cikin ikon nan har da barin hatsi a rumbu, don kada iyali su ci bashi kafin alhaji ya sauka.