Yadda 'yan kasuwar Maiduguri ke farfaɗowa bayan asara

A watan Fabrairun 2023 gobara ta cinye kasuwar Monday da ke Maiduguri. Ba a gama farfaɗowa ba, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya malale kasuwar.

Ba kasafai inshora ke tayar da ɗan kasuwa a irin wannan hali ba, domin da yawa na gudunta saboda shubuhar riba.

Galibi amana ce jarinsa na biyu. Ubangidansa kan ba shi kaya bashi, ya sayar ya biya, 'yan adashi kuma su bar masa kwasar farko. Wanda aka san shi da cika alkawari shi ke fara buɗe rumfa.

Tallafin gwamnati kuwa, ko ya zo, ba ya isa ga kowa.